Ruwan Turai a Ƙotar Gobir

A gidajen sarauta da gidajen jikokin barade na Sabon Birni da Isa, da garuruwan da ke bin gulbin Rima har bakin iyaka, akwai takubban da ba a zare su sai ranar hawan sallah ko naɗin sarauta. Galibinsu miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu, irin waɗanda kowa ya saba gani. Amma jefi-jefi akan zaro wani mai ɗan lanƙwasa, kaifinsa ɗaya, bayansa da kauri, ga kwarmi mai faɗi ya bi tsawonsa. Ƙota tamu, kube namu, hamila tamu. Sai ka juya bayan ruwan daf da ƙota ka tarar da siririn rubutun boko, wani lokaci har da wata da shekara. Irin wannan ruwa domin sojan doki na Faransa ko Ingila ko Jamus aka ƙera shi. Ya gama aikinsa can aka yi gwanjonsa, ko an tsince shi a fagen fama, har ya faɗo hannun maƙerin ƙasar nan ya yi masa sabuwar ƙota.

Ta fuska biyu ake yi wa irin wannan takobi kuskure. Mai gado zai ce da shi kakan kakansa ya tsaya a ƙofar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, alhali ƙarfen da kansa yana ɗauke da 1875. Dillali kuma ya leƙa rubutun ya taɓe baki: "Baba, ai wannan na Nasara ne, ba namu na dauri ba," don ya karya kuɗin. Na farko ya ɗora wa takobin shekarun da ba nasa ba, na biyu ya raba shi da asalinsa. Duk su biyun sun ɗauki takobi abu guda, alhali ruwa daban, ƙota daban, kube daban, kowanne da shekarunsa da mai aikinsa. Sai an karanta su ɗaya bayan ɗaya kafin a zo maganar kuɗi.

Ƙarfen Turai ya riga Turawan mulki zuwa ƙasar Hausa da daɗewa. Da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa birnin a shekara, kowanne a kan wuri dubu, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga garin Solingen na Jamus suke. Tsirara suke zuwa. A Kano ake sa musu ƙota da kube, sannan a sake fita da mafi yawansu zuwa ga Abzinawa da Nufawa da Barebari. Ko da mutum ya raba lissafin Barth gida biyu, abin da ya rage ya isa ya nuna cewa ɗaukar baƙon ƙarfe a mai da shi takobin gida tsohuwar sana'a ce ta maƙera da dukawa. Ayarin raƙuma ke ɗauko shi daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauko Katsina da Kano.

Gobir kuwa maƙwabciyar Azbin ce, kuma ƙarni na 19 bai bar ta ta ajiye takobi ba. An gwabza a Tafkin Kwatto da Tsuntsuwa a 1804. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya rasu a cikinta. A Gawakuke a 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali ya kwanta a wurin. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga nan kuma wajajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, ga Isa a kudu tana tsaron iyakar daular Sakkwato. Ƙasar da ta yi kusan shekara ɗari cikin hari da ramuwa ba ta zubar da ƙarfe mai kyau. In ya karye a gyara, in ƙota ta mutu a sake, in an kashe mai shi wani ya ɗauka.

Dole a rarrabe ruwan fatauci da ruwan soja, don nan ne ake yawan ruɗewa. Na fatauci shi ne wanda Solingen ta ƙera musamman don kasuwar Afirka: miƙaƙƙe, kaifi biyu, sau da yawa da siraran layuka uku a tsakiya, da tambarin jinjirin wata mai fuska guda biyu, ko ƙuda, ko zaki, ko wata dabba mai kama da kare a guje. Tsofaffi suna da sunayen waɗannan abubuwa: tamogashi ga mai layi uku, dunhu ga marar zane, bisalami ga lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya. Ruwan soja kuma gwamnati ce ta ba da awonsa, masu duba kaya suka buga masa hatimi, saboda haka dubbai ne iri ɗaya sak. Wannan ne ya sa ya fi na fatauci sauƙin ganewa nesa ba kusa ba. Na fatauci yakan yi shekaru ana buga shi da tambari guda ba kwanan wata, na soja kuwa sau da yawa shi da kansa yake faɗin inda aka yi shi da lokacin.

Hanyoyin shigowarsa ma sun bambanta. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare a 1815, rumbunan makaman Turai sun cika da takubban da ba mai buƙata, kuma duk sa'ad da wata rundunar ta sake samfuri sai a yi gwanjon tsohon. 'Yan kasuwa suka kwashe suka nufo da shi kasuwannin Afirka da Asiya, wani ta hamada, wani ta Senegal, wani ta bakin teku. Daga baya sojan da kansa ya iso. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan a 1899, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni, kafin sojojinta su kashe shugabannin biyu a ƙasar Tasawa. Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Yarjejeniyoyin iyaka na 1904 da 1906 suka raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Garin da ke tsakanin barikin Faransa da na Ingila ba abin mamaki ba ne a samu ƙarfen kowannensu a cikinsa. Sai kuma sojojinmu da suka dawo daga Kamaru bayan 1916, da 'yan Boma bayan 1945.

Ruwan sojan Faransa ya fi kowanne yi wa mai bincike adalci. Ka riƙe takobin kaifi na kallon ƙasa, ka kai bayansa ga hasken safe, ka duba tsawon yatsa ɗaya ko biyu daga ƙota. In na gwamnati ne za ka ga rubutu mai jirge kamar na alƙalami, an zana shi cikin ƙarfen: sunan masana'anta a gajarce, sai wata, sai shekara. Manyan masana'antun takobi biyu ne. Klingenthal an kafa ta a 1730, gwamnati ta janye daga gare ta a 1836, iyalin Coulaux suka ci gaba da aiki. Châtellerault an kafa ta a 1819, kuma a kan ƙarfe "Châtt" ake yawan rubutawa. Watannin ƙarshen shekara sukan zo da lamba: 7bre Satumba ne, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauki 8bre watan Agusta. Ko shekarar ta goge, sauran rubutun yana taimako, domin in akwai kalmar da ta fara da "Imp" to zamanin Napoleon na farko ne, 1804 zuwa 1815, ko na uku, 1852 zuwa 1870. A gefen ruwan kuma, daf da ƙota, akwai ƙananan haruffa cikin da'ira, hatiman masu duba aiki. Samfurin 1822 na sojan doki, wanda Faransa ta daɗe tana amfani da shi har a rundunoninta na Afirka, tsawon ruwansa wajen santimita 92 ne, da kwarmi mai faɗi da wani siriri kusa da baya.

Na Ingila samfurin 1796 ba ya ɓuya: lanƙwasa sosai, faɗi, kuma yana ƙara buɗewa wajen tsini maimakon ya tsuke. A bayansa akan ga sunan maƙeran Birmingham irin su Woolley ko Osborn ko Gill, a gefe kuma kambin sarauta bisa wata lamba. Jamusawan Prussia sun kwaikwaye shi a 1811, don haka siffa kaɗai ba ta isa hujja ba. Takubban hafsoshi na baya-baya sukan zo da tauraro mai tsini shida da ɗan ƙwayar tagulla a tsakiyarsa. Mutanenmu na ganin wannan su ce hatimin Annabi Sulaimanu ne, malami ya sa. Alamar gwajin ƙarfe ce ta maƙeran Ingila. In na kamfanin Wilkinson ne, tun daga 1844 suna buga lamba a baya, kuma littattafansu na ciniki suna nan, har akan gano hafsan da ya fara sayen takobin. Solingen ma ta ƙera wa rundunoni da dama, tambarin kan sarki na Weyersberg ne, kwalkwalin barde na Kirschbaum, kuma gidajen biyu sun haɗe a 1883.

Akwai kuma wuƙar bakin bindiga, wadda na fi zaton ta fi takobin doki yawa a ƙauyuka. Ta bindigar Chassepot ta 1866 tana da lanƙwasa biyu, ta karkata gaba ta komo, tsawonta wajen santimita 57. Ta Gras ta 1874 miƙaƙƙiya ce mai tudun baya. Dukansu biyu suna ɗauke da irin rubutun Faransa da na ambata, sau da yawa da sunan Saint-Étienne. Ta Ingila samfurin 1907 tana da kambi da lambar 1907, ƙarƙashinta wata da shekarar da aka ƙera ta a lambobi. Wannan 1907 ɗin shekarar samfuri ce, wuƙar kanta tana iya zama ta 1917 ko bayan haka. Waɗannan su ne maƙera suka mayar gajeren takobi ko wuƙar damtse.

Shekarar da ke kan ƙarfe abu ɗaya tak take tabbatarwa: takobin bai girmi wannan shekara ba. Ruwan 1822 yana iya kwana shekara 50 a rumbun gwamnati kafin ya ga Afirka, ya yi wasu 30 a wata ƙotar kafin ya shiga wadda yake ciki yau. Shi ya sa aikin maƙerin gida shi ne rabin labarin, kuma shi aka fi raina wa. Maƙerin nan ba liƙa ƙota kawai ya yi ba. Ya cire kwandon tagullar da ke kare hannun Bature, ya sake buga wutsiyar ƙarfen ta dace da gajeriyar ƙotarmu mai gicciye. Sau da yawa ya rage tsawo, ya daddaƙe tsinin ya zama zagaye, domin faɗanmu na sara ne fiye da suka. Wani ya wasa baya daga tsakiya zuwa tsini ya fitar da kaifi na biyu. Inda wutsiya ta karye ko ruwan ya gaza tsawo, sai ya kawo faifan ƙarfe biyu ya rungume gindin ruwan da su, ya huda, ya buga ƙusoshi biyu ko uku ya daddaɓe kawunansu. Ka shafa wurin da yatsa: a tsohon aiki kawunan ƙusoshin sun lafe sun zama ɗaya da faifan, baƙin tsatsa ya cike tsagar da ke tsakani. Abin takaici, faifan nan yakan rufe daidai wurin da hatiman suke. Ban ga dalilin da zai sa a ɓalle shi don neman hatimi ba. Wanda ya yi haka ya lalata shaidar da babu irinta don ya ga wadda ke kan dubban takubba.

Ƙota da kube kamar yaɓen ɗaki suke, ana sabunta su azara tana nan. Kube na fata ba ya kai shekarun ƙarfe, don haka sabon kube a kan tsohon ruwa ba ha'inci ba ne, alama ce ta takobin da ake amfani da shi. Tsofaffin ƙotoci kansu dunƙulalle ne, kamar ƙwallon da aka ɗan danne. Mai hawa-hawa na jan ƙarfe da tagulla da ya yi tsini sama, wanda ake gani a takubban Buzaye, ya fi yawa a ƙarni na 20. Ƙotar da aka lulluɓe da tagulla mai zane takan nuna aikin ƙasar Hausa ko Bida. Alminiyam, zaren roba, walda, duk suna faɗin zamaninsu. Gwangwani a bakin kube yana nuna gyaran zamanin Turawa ko bayansa.

Jabu iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Maƙeranmu sun daɗe suna buga jinjirin wata a kan ƙarfen da suka ƙera da kansu, domin mai saye ya saba ganin alamar a kan takobi nagari. Wannan takobin gaske ne, na zamaninsa, tambarin ne kawai aro, kuma ana gane shi da rashin daidaito, fuskar watan ta zama 'yan ɗige-ɗige. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929, tarkacen ƙarfe ya wadata, narkar da tama ta ja baya, daga bisani sifirin ɗin mota ya zama abin ƙera takobi. Shi ma ba laifi. Jabun da ke cutarwa shi ne na kasuwar baƙi: a samo tsohuwar wuƙar bindiga, a yi mata ƙota jiya, a turara fatar da hayaƙi, a zuba wa ƙarfen ruwan batir a binne shi mako biyu. Tsatsar shekaru baƙa ce, ta zauna cikin ƙananan ramuka, ta bi ƙarfen har ƙarƙashin ƙota ba yankewa. Ta ruwan batir ja ce, a sama take, tana bin hannu. Ruwan soja yana da kauri a gindi ya dinga sirancewa a hankali har tsini, kwarminsa miƙe ɗoɗar. Na sifirin kaurinsa kusan ɗaya ne ko ya yi tudu da kwari, da sawun guduma ko na injin wasi. Fatar ƙota ta gaske ta cinye ne daidai inda tafin hannu ke zama, zoben hamila ya ci gurbinsa. Masu lanƙwasa takobi su sake shi don su ga ko zai miƙe su daina. Sifirin ma yana miƙewa, tsohon ƙarfe kuwa yana iya karyewa.

To nawa ne kuɗinsa? Masu tara kayan soja a Turai suna ganinsa takobin da aka ɓata, tunda ƙotar asali ta tafi. Masu tara makaman Afirka su ne ke nemansa, kuma abin da suke biya ya dogara ga tsufan haɗin, kyan aikin ƙota, cikar kube da hamila, fitowar rubutu, da kuma takardar da ke nuna hannun da ya bi. A gwanjon Turai da Amurka takobin Sahel na yau da kullum ɗaruruwan daloli yake yi. Ƙalilan ne, masu tsohon ruwa da adon azurfa ko tabbataccen tarihi, ke haura dubu. Masu jin labarin miliyoyin daloli a ɗakin kaka su kwantar da hankalinsu. Dillalin da ke yawo ƙauye kuma ɗan abin da zai bayar bai kai kaso kaɗan na wancan ba.

Ni dai a wurina kasuwar can ba ta iya auna abin da ya fi tsada a takobin. Ruwan Châtellerault na 1875 akwai dubbansa a duniya. Wanda aka san cewa wane Ubandawaki ne ya rataya shi, wane maƙeri ya yi masa ƙota, ta hannun wa ya ƙetaro daga Tsibiri, guda ɗaya ne. Gajere, takobin sarautar Katsina, da takobin da ke fadar Daura wanda ake dangantawa da Bayajida, ba nauyin ƙarfensu ya ba su daraja ba. A. D. H. Bivar ya nazarci irin waɗannan kayan fada a littafinsa Nigerian Panoply na 1964, Lloyd Cabot Briggs kuma ya bi diddigin tamburan Turai a takubban Buzaye a 1965. Ranar da takobi ya bar gidansu ba tare da labarinsa ba, ya koma "takobin Afirka ta Yamma, ƙarni na 19" a takardar gwanjo, ba mai iya mayar masa da sunan Gobir.

Akwai kuma doka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta sa makami cikin kayan tarihi in aikin gida ne da aka yi kafin 1918, ko yana da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ta hana sayar da irinsa sai ga wakilin da hukuma ta amince da shi, ta hana fita da shi ƙasar waje sai da izini. Daga Sabon Birni zuwa iyaka tafiyar babur ce, amma tsallakawa da shi don sayarwa laifi ne.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kowa a gabashin Sakkwato ya san shi. Shekarun nan na 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa, mutane sun watsu zuwa cikin gari da Sakkwato da jihar Maraɗi. Mai gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar kube. Wani takobin ya ƙone da ɗaki, wani an kai shi injin wasi an fitar masa da sabon kaifi don tsaron gida, rubutun ya tafi cikin minti biyar, wani yunwa ta sa an miƙa wa 'yan gwangwan sun ɗora a sikeli. Ba na ganin laifin wanda ya sayar don ya ciyar da 'ya'yansa. Amma tsofaffin da suka san labarin kowane takobi su ma suna tafiya, wasu a gudun hijira.

Wanda nasa ke hannu, kada ya goge shi da samfefa ko toka ko yashi don ya yi ƙyalli ranar sallah. Tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki sun isa, a ajiye shi inda damina ba ta taɓa shi, nesa da gara. Yaron gidan da ke da waya ya ɗauki hotonsa dukansa da ma'auni a gefe, sannan bayan ruwan, gefe biyu na gindi, kan ƙota, bakin kube. Ya zauna gaban dattijon gidan ya naɗi muryarsa: Baba, wa ya fara riƙe shi? Saye aka yi, ko kyautar sarki ce, ko ganima? Wa ya sake masa kube, a wane gari, zamanin wane sarki? Ko da labarin ya saɓa wa shekarar da ke kan ƙarfe a rubuta shi yadda aka faɗa, domin sau da yawa labarin na wani takobin ne da ya riga wannan a gidan, sunansa ya bi magajinsa. A kai kwafi cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, a tura wa dangi na Tsibiri da Madawa su ma su duba nasu. In aka samu ruwa huɗu ko biyar masu rubutun masana'anta guda da shekaru makusanta a ɓangarorin iyakar biyu, to an kama bakin zaren gano ko ayari ɗaya ne ya kawo su ko bariki ɗaya suka fito, da kuma maƙeran garin da suka yi musu ƙota.